Sanyin Ina? Muhawara Kan Kalma Ɗaya Mai Ɗauke Da Cututtuka Barkatai

Sista Ungozoma:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina so mu tattauna kalmar "sanyi", don a ganina babu kalmar da ta kai ta jawo shan magani ba bisa ƙa'ida ba a ƙasar Hausa. Mace mai ƙaiƙayin gaba ta ce sanyi ke damunta. Saurayin da mugunya ke fita ta gabansa ya ce sanyi. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta ce sanyi. Yaro na numfashi sama-sama, a ce sanyi ya kama masa haƙarƙari. Mai jego ƙafafunta sun kumbura, a ce sanyi ya shige ta, a ƙara wa ruwan wanka wuta. A cikin waɗannan babu biyun da maganinsu ɗaya ne, amma a tasha lasifika na tallar jarka guda wai duk tana maganinsu. Mu ma'aikatan lafiya mu daina faɗin kalmar ne gaba ɗaya, ko mu riƙe ta mu gyara yadda ake fahimtarta?

Baba Mai Magani:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kafin a yanke wa kalmar hukunci a fara sanin me magabata ke nufi da ita. A wurinsu sanyi sunan sababi ne, ba sunan cuta guda ba. Sun raba ɗari da sanyi. Ɗari na hunturu ne, busasshe mai iska, ya fasa leɓe, ya kawo kaushi, ya wuce. Sanyi kuwa mai danshi ne: na damina, na kwanciya a ƙasa mai laima, na daɗewa cikin ruwa, na wanka da ruwan randa da asuba. Shi ake cewa yana shiga jiki ya kwanta, inda ya kwanta kuma nan yake samun suna, sanyin ƙashi, sanyin ƙirji, sanyin mara. Shi ya sa kayan da ake haɗa masa masu ɗumi ne, citta, kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa, ga gashi ga sirace. Wanda ya gaji sana'ar nan ba ya jin "sanyi" ya miƙa ƙulli. Zai tambaya a ina, tun yaushe, me ke fita, wane launi, da wari ko babu. Masu jarka a bayan mota ba su gaji wannan ba, kasuwa suka gani.

Likitar Mata:
Baba, Allah ya ƙara girma, tambayoyin da ka jero su ne namu a asibiti. Bari in ɗauki ɓangaren mata, don nan rikicin ya fi yawa.

Kaso mai yawa na abin da 'yan mata ke kira sanyi ba cuta ba ne sam. Kusan kwana 14 kafin al'ada ta gaba mace na ganin ruwa garai-garai mai yauƙi irin na farin ɗanyen ƙwai. Alamar fitar ƙwai ce. Babu ƙaiƙayi, babu wari, babu ciwo. Mai ciki ma ruwan na ƙaruwa mata. Wannan ba ya son magani ko ɗaya, amma akwai masu shan kafso wata da watanni don su kashe shi.

Wanda ke da ƙaiƙayi mai tsanani, da farin abu mai kauri gudaji-gudaji kamar tsinkakken kindirmo, ba wari sosai, wannan kandida ce. Maganinta fulukonazol miligiram 150 ƙwaya ɗaya, ko matsin kulotirimazol, irin su Canesten, miligiram 500 dare ɗaya ko miligiram 100 dare 6. Mai ciki matsin kawai za ta yi na kwana 7, ba ta shan fulukonazol. Abin da ya kamata kowa ya riƙe: antibayotik ba ya kashe kandida, shi ke tayar da ita, domin yana kashe ƙwayoyin kirki masu gadin wurin. Duk wadda ta sha Ampiclox don ƙaiƙayi ta ƙara wa kanta ƙaiƙayi. In tana dawowa sau 4 ko fiye a shekara, a auna suga, a auna ƙanjamau, kafin a ce sanyi ne mai naci.

In kuwa ruwan tsararo ne, toka-toka, mai ƙarnin kifi da ke ƙaruwa bayan saduwa ko bayan al'ada, ƙwayoyin wurin ne suka rikice. Maganinsa metronidazol, wato Flagyl, miligiram 400 ko 500 safe da dare kwana 7. Mai kumfa, ɗorawa-ɗorawa ko kore-kore, yawanci tirikomonas ce. Maganin ɗaya ne, sai dai a wannan dole miji ya sha.

Malam Mai Kemis:
Dakta, a taimaka a yi bayanin abin da ke rikita ƙwayoyin, don a nan matsi da kanwa ke shigowa.

Likitar Mata:
Gaban mace na da ɗan tsami na halitta, ma'auninsa tsakanin 3.8 da 4.5, kuma wannan tsamin ne kariyarsa. Duk mai girki ta san abin da kanwa ke yi wa tsamin yakuwa a tukunya. To haka take yi a can. Kanwa, sabulu, Dettol, cusa yatsa ana wanke ciki, duk suna kashe tsamin, sai ƙarnin ya taso, sai mace ta ƙara wankewa, sai ya ƙaru. Alif da gishiri kuma suna ƙona fatar ciki. Akwai matan da matsi mai ƙuna ke bar wa tabon da ke haɗe gaban har sai an yi aiki. A wanke waje da ruwa zalla, daga gaba zuwa baya, cikin yana wanke kansa.

Saura mai haɗarin, wanda shi likitoci ke nufi in sun ce ciwon sanyi: gonoriya da kilamidiya. A bakin mahaifa suke zama, kuma mata da yawa ba sa ganin alama ko ɗaya. In suka haura sama sai ciwon mara, zazzaɓi, zafi lokacin saduwa, ɗigon jini tsakanin al'ada. A nan ana haɗa magani uku: allurar seftriyazon sau ɗaya, doksisaikilin miligiram 100 safe da dare, da metronidazol, kwana 14 cur. In aka yi jinkiri hanyar ƙwai na yin tabo ta toshe, ko ta ƙuntata ciki ya zauna a cikinta ya fashe. Kowane dawowar ciwon na ƙara haɗarin rashin haihuwa. Ku duba abin takaicin: mai ƙaiƙayin da ƙwaya ɗaya za ta warkar tana shan allurai goma, mai ɗauke da wanda ke toshe haihuwa kuma ba ta san tana da komai ba.

Mai Awon Lab:
Ina neman izinin in yi magana kan takardar da ke yawo hannun mata da rubutun "staph" a jiki, har masu tallar magani sun mai da shi sabon sunan sanyi, suna cewa shi ke sa motsi a jiki da rashin haihuwa da saurin kawowa. Ga yadda abin ke faruwa. Wannan ƙwaya tana zaune a fata da hancin mutane masu lafiya ƙalau. In aka miƙa wa mace tsinken auduga ta shiga banɗaki ta ɗauko da kanta, zai goga fatar waje, kuma abin da ke fatar shi zai tsiro a farantin da ake shuka ƙwayoyi a lab. Ita kuwa ƙwayar gonoriya raguwa ce a wajen jiki. Bushewa na kashe ta, sanyin firji na kashe ta, tana son abincin shuka na musamman da iska mai yawan kabon, kuma daga bakin mahaifa ake ɗauko ta da ƙarfen buɗawa, ba daga farji ba. Kilamidiya ma ba ta tsirowa a farantin da aka saba sam. Sakamakon haka, ainihin mai laifin ba ya fitowa a takarda, baƙon da ya shigo daga fata shi ake rubutawa, a jera masa allurai.

Ga namiji mai mugunya abin ya fi sauƙi: a shafa ta a gilashi, a rina, a duba a madubi, akasari a gan ta nan take. Kada ya yi fitsari na awa 1 zuwa 2 kafin a ɗauka. Awon fitsari kuma na tsakiya ake tara, a zubar da na farko, a kai lab cikin awa 2. Wanda ya riga ya sha kafso jiya ya ɓata awon.

Ɗalibar Kiwon Lafiya:
Malam, to maganar da ake yi cewa a banɗaki ake ɗaukar sanyi fa? Har a makarantun kwana ana hana tsugunawa a masai saboda tururinsa.

Mai Awon Lab:
Gonoriya, kilamidiya, tunjere da ƙanjamau ba a ɗaukarsu daga tururin masai. Dalilin shi ne wanda na faɗa, ba sa rayuwa a wajen jiki yadda za su kama wani. Ƙazamin banɗaki na yaɗa gudawa, taifot, kwalara da tsutsar ciki, a tsabtace shi don waɗannan. Budurwar da ba ta taɓa sanin namiji ba tana iya samun kandida ko rikicewar ƙwayoyi ko ciwon mafitsara, kuma wannan ba shaida ba ce a kanta ta kowace fuska. A kiyaye wannan sosai, don ana zubar wa 'ya'yan mutane mutunci da kalmar nan.

Malam Mai Kemis:
Ni ra'ayina a fili yake, mu watsar da kalmar. Ga dalilina ta ɓangaren maza. Kwana 2 zuwa 7 bayan saduwa namiji ya ga mugunya mai kauri da zafin fitsari. Maganin da ke aiki yanzu allurar seftriyazon ce sau ɗaya, miligiram 500 zuwa giram 1 gwargwadon ƙa'idar da asibiti ke bi, tare da doksisaikilin kwana 7 saboda kilamidiya na yawan rakiyarta. Sifrofuloksasin da tetrasaikilin, kafson nan ja da yalo, ƙwayar ta daɗe da gagararsu a wurare da yawa. Amma da yake sunan abin "sanyi", sai mutum ya sayi kafso huɗu na kuɗin da ke aljihunsa, ya haɗa da jiƙo. Mugunyar ta ragu, ya ce ya warke. Ita ma da kanta takan ragu ko ba a sha komai ba, ƙwayar na nan. Bayan shekaru hanyar fitsari ta ƙuntata, yana yunƙuri fitsari na fita siriri, ko maraina su kumbura hanyar maniyyi ta toshe.

Doksisaikilin ma akwai yadda ake shansa: da cikakken kofin ruwa, a zaune, ba a kwanciya nan take don yana ƙona maƙoshi. Ba a haɗa shi lokaci ɗaya da madara ko nono ko maganin ƙarin jini ko maganin olsa na ruwa, a ba da tazarar awa 2 zuwa 3. Mai ciki ba ta shansa, azitromaisin giram 1 ake ba ta.

Sannan duk abin da ya shafi gaban namiji an jefa shi cikin buhun sanyi. Saurin kawowa ba ƙwayar cuta ba ce. Raunin gaba a mai shekara 50 a fara duba suga da hawan jini. Dattijon da ke tashi fitsari sau da yawa cikin dare, a duba ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsara. Yaro matashi da maraininsa ɗaya ya kama ciwo farat ɗaya har da amai, wannan murɗewa ce, awa 6 ake da ita kafin marainin ya mutu, tiyata yake so ba jiƙo ba.

Kuma jama'a su sani, lambar NAFDAC da ke ƙarewa da harafin L a jikin maganin gargajiya tana nuna an duba cewa ba ya cutarwa nan take ne. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta a kwalin.

Sista Ungozoma:
Malam, na ji hujjarka, amma in ka hana mace cewa sanyi me za ta ce? Matar da ke jin nauyin faɗin sunan mijinta ba za ta zauna gaban baƙon namiji ta ce gabanta na wari ba. Kalmar ce mayafinta. Da ita take shigowa. In muka ce mata "babu wata cuta sanyi", ta tafi ke nan, kuma mai lasifika ba zai taɓa gaya mata haka ba.

Likitan Yara:
Ku ba ni dama in kawo na yara, don a can jinkirin kwana ɗaya na iya zama rai. Mura da majina ƙwayar bairos ce, takan wuce cikin mako guda zuwa kwana 10, ba ta son antibayotik. Ruwa, nono, ɗigon ruwan gishiri a hanci, zuma cokali ƙarami ga wanda ya haura shekara 1. Ƙasa da shekara 1 ba a ba shi zuma. Abin da ake cewa sanyin haƙarƙari kuwa namoniya ce, kuma uwa na iya gane ta a gida. A bari yaro ya natsu, a ɗaga rigarsa, a ƙirga numfashi na cikakken minti ɗaya da agogon waya. Ƙasa da wata 2, 60 ko fiye ya yi yawa. Wata 2 zuwa 11, 50. Shekara 1 zuwa 5, 40. A kuma duba ƙasan ƙirji, in yana lotsawa ciki lokacin da yaro ke jan numfashi, alama ce. Maganin farko amoksisilin mai narkewa a ruwa, safe da dare kwana 5, adadin ya danganta da shekaru da nauyi. Yaron da ya kasa shan nono, ko yake amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ya yi lis ba ya farkawa sosai, ko jaririn da bai kai wata 2 ba, asibiti kai tsaye.

Kuskuren da fassarar "sanyi" ke jawowa shi ne a rufe ɗaki ruf, a kunna gawayi, a tula wa yaro kaya, a shafe shi da man zafi har hanci. Hayaƙin na ƙara wa huhu wahala, gawayi a rufaffen ɗaki kuma yana kisa shi kaɗai. Babba ko yaro, tarin da ya kai mako 2 da rama da gumin dare, a kai majina awon tibi. Awon da maganin na wata 6 kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Ɗaya kuma da ke ci mini rai: jariri daga wajen wata 6 bayan hannunsa da na ƙafarsa su kumbura, yana tsala ihu in an taɓa. A ce sanyin ƙashi, a yi masa tsaga, a gasa. Sau da yawa wannan ita ce alamar farko ta sikila, amosanin jini. Idonsa ya yi ɗorawa kuma a koma cewa shawara, wata kalmar da ita ma ke ɗauke da cututtuka da yawa. A nan magabata sun lura da gaskiya, sanyi na tayar da ciwon mai sikila, haka ƙishirwa da zazzaɓi. Amma ba sanyin ne ya kawo ta ba, gado ce. Iyaye biyu masu AS, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi SS.

Baba Mai Magani:
Likita, ka faɗi abin da nake so a ji: lurar magabata ba ƙarya ba ce, abin da ke ƙarƙashinta ne ba su da madubin gani. Ni ma ina gargaɗin 'yan'uwana masu sana'a. Ciwon gaɓa mai kumburi da zafi da zazzaɓi ba na gashi ba ne. Bagaruwa tana tsuke fata tana busar da ƙaramin rauni, a dafa ta a tace, a bari ta huce a zauna ciki, amma ba ta isa mahaifa, kuma yawanta na busar da wuri har ya tsage. Saiwar sanya, wadda muke kira uwar magunguna, mai ƙamshin man zafi, ba a matsi da ita ko kaɗan, tana kisa ta wannan hanyar. Mai ciki kuma ba a ba ta jiƙon ɗaci irin su maɗaci da sunan wanke sanyi.

Malam Mai Kemis:
Tunda an zo sanyin ƙashi, ga abin da ke faruwa a ɓangarenmu, kuma laifin namu ne ba na masu sassaƙe ba. Ana ƙulla haɗi a leda: dikulofenak, firoksikam, da deksametazon ko firednisolon. Tsohuwa ta sha ta miƙe, ta ce an dace. Biyun farko aikinsu iri ɗaya ne, haɗa su na ninka haɗarin gyambon ciki da zubar jini da lalacewar ƙoda. Na ukun in aka daɗe ana sha yana kumbura fuska, ya tayar da suga da hawan jini, ya rarake ƙashi. Wanda ya sha shi fiye da mako 3 ba ya dainawa farat ɗaya, a hankali likita ke rage masa. Kuma "sanyin ƙashi" kansa kashi-kashi ne: zaizayewar gwiwa ta tsufa da nauyi daban, wanda ke kama ƙananan gaɓoɓin hannu biyu da sandarewar safe daban, mai kama babban yatsan ƙafa cikin dare daban. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 da ciwo ke tashi daga wannan gaɓa ya koma waccan bayan ciwon maƙogwaro, a duba zuciyarsa, don wannan na cinye ƙofofinta.

Nas Daga Maraɗi:
Gaisuwa ga kowa. Nan Nijar ma haka abin yake, kuma ba Hausawa kaɗai ba. Zabarmawa na da "yeyni", ma'anarsa sanyi, da "weyno" wanda ya yi daidai da abin da muke ce wa zahi, kowanne ya tattara cututtuka da yawa. Abin da nake so in ƙara shi ne tsargiya. Yaro ko manomin rani mai shiga tabki da gulbi yana jin zafin fitsari, jini na ɗigowa a ƙarshen fitsarin, sai a ce sanyi, a yi ta ba shi antibayotik. Tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗi ta huda fata. Maganinta firazikwantel, miligiram 40 kan kowane kilo na nauyin jiki, sha ɗaya bayan an ci abinci. Mata masu wanki a bakin ruwa tana kama musu bakin mahaifa, ta ba da ruwa da ciwon mara da jini bayan saduwa, a zarge su da abin da ba su yi ba. A riƙa tambayar mara lafiya ruwan da yake shiga.

Sista Ungozoma:
Saura na mai jego, wanda na fara da shi. Baba, wankan jego da kunun kanwa ai don korar sanyi ake yinsu, ko ba haka ba?

Baba Mai Magani:
Haka ne. Ana ganin haihuwa na buɗe jiki, sanyi ya samu ƙofa. Shi ya sa ake dafa ruwa da ganyen darbejiya ko runhu ko tsamiya, a yi wanka safe da yamma har arba'in, a sha kunun kanwa don jiki ya yi ɗumi nono ya kawo. Kuma kada a manta alherinsa: kwana 40 mace na hutawa, ana dafa mata, ana kula da ita, ana tsabtace ta. Ba na so a zubar da wannan.

Likitar Mata:
Ba za a zubar ba, Baba, hutun da kulawar muna so. Matsalar na wuri biyu. A shekarun 1970 likitoci a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun rubuta yawan gazawar zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Binciken da aka yi daga baya ya nuna akwai wasu dalilan, irin su hawan jinin ciki da rashin abinci mai gina jiki, don haka ba za a ɗora wa wankan laifin duka ba. Amma kanwa cike take da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, kuma yana tara ruwa a jiki. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, tana tari cikin dare, tana haki in ta je banɗaki, zuciyarta ce ke gazawa. In aka karanta wannan da sunan sanyi, abin da za a yi shi ne a ƙara kanwa a ƙara wuta, wato daidai abin da ke ƙara mata nauyi. Wadda aka ce tana da hawan jini lokacin ciki kada ta sha kanwa sam. Ruwan wanka ya zama wanda gwiwar hannu ke jurewa, don ƙuna ma na kawo mata asibiti, kuma mai ɗinki ba a watsa mata tafasasshe.

Na biyu, mai jego da ke rawar sanyi, zafin jikinta ya kai digiri 38, jinin biƙi na wari, mara na ciwo, ƙwayar cuta ce ta shiga mahaifa. Ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi kuma jijjiga ce ke tafe, tana iya zuwa bayan haihuwa. Duka biyun na ranar ne, ba a jira gobe.

Game da tambayarki Sista, ina tsakaninki da Malam. A bar mara lafiya ya shigo da kalmarsa, kada a gwale shi. Amma mu kada mu sallame shi da ita. Likita ya ce wa mace "sanyi ne" yana nufin kandida, ta faɗa a gida, miji ya fahimci gonoriya, aure ya girgiza a banza. Ko ya ce "sanyi ne" yana nufin gonoriya, miji ya ɗauka fanka ce da ruwan firji, ya ƙi zuwa a yi masa magani. Dole a faɗa mata a fili: wannan ana ɗauka ta saduwa, ko ba a ɗauka. Kuma matar da ta haura 35 mai ruwa tsararo mai wari da jini bayan saduwa, ko mai ganin jini bayan al'ada ta ɗauke, a duba bakin mahaifarta da ido kafin a rubuta komai, don cutar kansa na fara bayyana a haka. Rigakafinta na 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 ya shigo Najeriya tun Oktoban 2023.

Malam Mai Kemis:
Na yarda da rabin farko da sharaɗin a cika na biyun. Ni dai a kan kwalin magani da tallar rediyo har yanzu ina ganin bai kamata a bari a rubuta "maganin sanyi kowane iri" ba.

Ɗalibar Kiwon Lafiya:
Dakta, in an tabbatar wanda ake ɗauka ne, kuma gidan mata uku ne, ya ake yi? Ita kaɗai ta zo.

Likitar Mata:
Duka huɗun ake yi wa, mai alama da marar alama, a lokaci ɗaya. In aka yi wa ɗaya aka bar saura, rabon kwana zai dawo mata da shi cikin mako. A dakata da saduwa kwana 7 bayan allura, kuma har kowa ya gama ƙwayoyinsa. Hanyar da ta fi kawo zaman lafiya ita ce a kira maigidan shi kaɗai, ma'aikaci namiji ya yi masa bayani, shi ya kawo iyalinsa. Kada a ba matar saƙon baki ta kai, kada kuma a shiga neman wanda ya fara kawowa, domin ƙwayar na iya zama watanni ba alama, awo ba ya nuna wa ya riga wa. A tambayi kowace ko tana da ciki kafin a rubuta doksisaikilin. A yi wa kowa awon tunjere da ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B a zama ɗaya, a sake dubawa bayan wata 3. In kandida ce kuwa ba a tara kowa, sai in mijin na da ƙaiƙayi da ja a kan kaciyarsa, shi ma a auna masa suga.

Sista Ungozoma:
A ƙara da jariri in akwai mai ciki a gidan. Uwar da ke ɗauke da gonoriya na shafa wa ɗanta a ido lokacin fitowa. Kwana 2 zuwa 5 fatar idon ta kumbura, mugunya na bulbulowa in an buɗe, kuma tana iya huda baƙin idon cikin 'yan kwanaki. Na kilamidiya yakan jinkirta zuwa kwana 5 har 14. Ba a ɗiga nono, ba a sa kwalli, ba a jira suna ya wuce. Maganin ɗigawa kaɗai bai isa ba, allura ake yi wa jaririn daidai nauyinsa, a riƙa wanke idon da ruwan gishirin asibiti, a yi wa uwa da uba magani a ranar. Masu karɓar haihuwa a gida kuma su nemi man ido na tetrasaikilin kashi 1 cikin 100 a asibitin da ke kusa, a goge idon da tsabtataccen ƙyalle, a sa siririn layi a cikin fatar ƙasa ta kowane ido cikin awa ɗaya da haihuwa.